Tarukan Masana Lissafin Halitta: Kasuwar Da Ke Ci Ba Tare Da Mu Ba

A cikin watan Yuli na shekarar 1993 ne waɗansu masana kimanin 200 suka hallara a garin Bethesda da ke kusa da birnin Washington na ƙasar Amurka, domin tattauna wata matsala wadda a lokacin ba ta dami kowa ba in ban da su. Matsalar kuwa ita ce yadda za a yi amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa wajen karanta bayanan gadon halitta, waɗanda ɗakunan bincike suka fara tarawa fiye da yadda idon ɗan Adam zai iya bi. Wannan zama shi ne mafarin taron shekara-shekara da ake kira ISMB, wanda daga baya ya riƙa tara mutane har dubu biyu da ɗoriya. Shekaru huɗu bayan haka, a 1997, shehunan malamai uku, Sorin Istrail da Pavel Pevzner da Michael Waterman, suka kafa wani taron mai suna RECOMB a garin Santa Fe, wanda ya fi karkata ga zurfin lissafi. A wannan shekara ce kuma aka kafa ƙungiyar masana fannin ta duniya, wato ISCB, wadda ta karɓi ragamar shirya taron ISMB.

Mai karatu zai iya tambaya ko me ya kawo labarin taron malamai cikin shafin ciniki da tattalin arziki. Abin da ya kawo shi shi ne, a irin waɗannan taruka ne ake fara baje kolin dabarun da bayan shekara biyar ko goma za su yanke farashin irin shuka da na magani da na gwajin asibiti, kayan da 'yan kasuwarmu ke shigowa da su da kuɗin musaya masu tsada. Ra'ayina shi ne ya kamata masu hannu da shuni na ƙasar nan su ɗauki waɗannan taruka kamar yadda suka ɗauki kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a Kaduna ko Legas, su kuma sa kuɗinsu a ciki.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau a fayyace abin da masanan ke yi. Kowane mai rai, daga ɗan Adam har zuwa ƙwayar wake da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, yana ɗauke da wani rubutaccen umarni a cikin jikinsa, wanda ake kira DNA. Da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi, waɗanda masana suka laƙaba wa A da C da G da T. Na ɗan Adam ya ƙunshi haruffa kimanin miliyan dubu 3. Injinan da ke karanta wannan rubutu ba sa iya karanta shi a jere daga farko zuwa ƙarshe, sai dai su daddatsa shi gutsi-gutsi, kowane guntu haruffa ɗari kaɗan ko 'yan dubbai, sannan a bar wa na'ura mai ƙwaƙwalwa aikin harhaɗawa. Misalinsa kamar a ce an yayyaga littattafan cinikin babban kanti guda goma masu ɗauke da lissafi iri ɗaya, an cuɗanya takardun a buhu, aka ce wa akawu ya maido da lissafin yadda yake. Wanda ya ƙirƙiro hanyar yin wannan aiki cikin sauri ba tare da kuskure ba, shi ne mai riƙe da makullin sana'ar. Wannan fanni ne muke kira lissafin halitta.

Bisa al'adar masana na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda fannin ya gada, taro ba wurin jawabin buɗewa da raba jakunkuna ba ne. Mai bincike kan aika da cikakkiyar maƙala watanni kafin ranar, alƙalai daga cikin takwarorinsa su tace ta, kuma kaɗan ne daga cikin abin da aka aika ke tsallakewa. Maƙalun da suka tsallake a ISMB ana buga su a mujallar Bioinformatics, ana kuma lissafa su a matsayin cikakken aikin ilmi. Ban da wannan, kamfanonin magunguna da na ƙera injinan gwaji kan kama rumfuna a harabar taron, suna tallar kayansu, suna kuma farautar ɗalibai masu hazaƙa tun kafin su kammala digiri. Ashe ke nan kasuwa ce sosai, har da dillalanta.

Wanda ke shakkar cewa zaman malamai na iya girgiza kasuwa, sai ya duba abin da ya faru a tsibirin Bermuda a watan Fabrairu na 1996. Shugabannin aikin karanta kundin gadon ɗan Adam, wanda aka fara a 1990, sun zauna can suka amince cewa duk abin da aka karanta za a saka shi a rumbun da kowa zai iya shiga cikin sa'o'i 24, kyauta. Bayan shekara biyu sai ga kamfanin Celera na Craig Venter ya fito da niyyar yin aikin da kansa, ya sayar wa masu biyan kuɗi damar duba sakamakon. A ranar 14 ga watan Maris na 2000, Shugaba Bill Clinton na Amurka da Firayim Minista Tony Blair na Birtaniya suka fitar da sanarwa ta haɗin gwiwa cewa ɗanyen bayanin gadon ɗan Adam ya kamata ya zama na kowa da kowa. Kafin rana ta faɗi, hannayen jarin kamfanonin wannan fanni sun zube a kasuwar New York. Ƙa'idar da 'yan tsirarun masana suka shimfiɗa a ɗakin taro ita ce ta yi nasara, kuma albarkacinta ne a yau ɗalibi a Zariya ko Nsukka zai iya sauke kundin gadon ɗan Adam baki ɗaya ba tare da biyan ko kwabo ba, muddin akwai wuta da intanet.

Misali na biyu ya fi wannan armashi. A 1994 wani masani mai suna John Moult da abokan aikinsa suka ƙirƙiro wata gasa da ake kira CASP, wadda ake yi duk bayan shekara biyu. Abin da ake gasa a kai shi ne hasashen siffar furotin, wato ƙananan injinan da ke gudanar da aikin jiki, waɗanda kusan kowane magani yake aiki ta hanyar manne wa ɗayansu. Gano siffar furotin guda a ɗakin gwaji kan ci watanni ko shekaru da maƙudan kuɗi. Masu shirya gasar kan ɗauko furotin ɗin da aka riga aka gano siffarsu amma ba a bayyana ba, su ba masu gasa jerin haruffan kawai, su ce kowa ya faɗi siffar da lissafinsa ya ba shi, sannan a haɗu a taro a buɗe amsa a gaban kowa. Babu wurin cika baki, domin alƙalami ya riga ya bushe. An shafe fiye da shekara ashirin ana tafiyar hawainiya, har zuwa 2020 lokacin da manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind na birnin Landan ta kawo amsoshin da suka yi kusan daidai da na ɗakin gwaji. A 2022 kamfanin, tare da cibiyar Turai ta EMBL-EBI, ya saki hasashen siffofin furotin fiye da miliyan 200 kyauta. A watan Janairu na 2024 kamfanin Isomorphic Labs, wanda aka kafa domin juya wannan dabara zuwa neman magunguna, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Eli Lilly da Novartis wadda jimlarta za ta iya kai kusan dala miliyan dubu 3. A ƙarshen wannan shekara kuma Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba kyautar Nobel ta fannin sinadarai da David Baker. Duk wanda ya riƙa halartar taron CASP ya ga wannan hadari tun yana haɗuwa, musamman daga 2018 lokacin da AlphaFold ta fara zuwa ta ɗaya.

Dangane da farashi kuwa, aikin karanta kundin ɗan Adam na farko, wanda aka kammala a 2003, ya ci kimanin dala miliyan dubu 3. A 2014 kamfanin Illumina ya sanar da injin da zai yi aikin a kan dala 1,000, kuma tun daga nan farashin ya ci gaba da sauka. Ma'anar wannan ga mai tunanin kasuwanci a fili take. Karatun ya yi araha, saboda haka riba ta koma wurin fassara abin da aka karanta, fassarar kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne da na'ura. Ba ta bukatar tashar jiragen ruwa ko masana'antar narkar da ƙarfe irin ta Ajaokuta. A cikin dukkan sana'o'in zamani, da wuya a sami wadda kuɗin shigarta ya kai wannan sauƙi ga ƙasa irin tamu.

To, ina ruwanmu? Mu fara da wake, tun da Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa. A 2019 masana a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside suka wallafa cikakken kundin gadon wake, mai ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 30,000. Irin da suka zaɓa suka karanta, mai lamba IT97K-499-35, masu binciken cibiyar IITA ne suka samar da shi a nan Nijeriya, kuma an san shi da jure wa ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye amfanin gona. Kafin wannan an karanta na dawa a 2009 da na gero a 2017. Amfanin irin wannan kundi shi ne, mai haɗa iri ba sai ya jira damina ta ƙare kafin ya san wace shuka ce ta gaji jure fari ko cuta ba. Zai tsinki ganye tun shukar tana ƙarama, a duba alamar da ke cikin DNA, ya ajiye mai kyau ya watsar da saura, ta haka a rage shekarun da ake ɗauka kafin sabon iri ya isa hannun manomi. Dillalin hatsi na Dawanau da mai sayarwa a Mile 12 duk suna cin wannan moriya ko suna asararta, ko da ba su taɓa jin sunan fannin ba.

A ɓangaren lafiya ma muna da abin nunawa. Lokacin da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a 2018, an shiga fargabar cewa wata sabuwar ƙwayar cuta ce ta ɓullo mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Binciken da aka yi a kan samfuran asibitin ƙwararru na Irrua a Jihar Edo, wanda cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede ta taka rawa a ciki a ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ya nuna cewa akasarin masu cutar daga ɓeraye suka ɗauka, kamar yadda aka saba. Wannan sani ya kwantar da hankali, ya kuma nuna inda za a kashe kuɗi. Haka nan a farkon watan Maris na 2020, cibiyar da abokan aikinta na Legas suka fitar da kundin ƙwayar cutar korona na farko daga nahiyar Afirka, 'yan kwanaki bayan samun mutum na farko da ya shigo da ita ƙasar nan. Sai dai wannan ilmi yana da kaifi biyu. A watan Nuwamba na 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron suka sanar da duniya, sakayyar da aka yi musu ita ce rufe musu hanyoyin jiragen sama, kuma a watan Disamba Birtaniya ta saka Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga. Duk ɗan kasuwar da tafiyarsa ta lalace a wannan mako ya san cewa abin da masu lissafin halitta suka faɗa yana iya tsayar da ciniki cak. Ƙasar da ba ta da masanan da takwarorinsu na duniya suka sani, suke kuma jin maganarsu, ba ta da bakin kare kanta a irin wannan rana.

Akwai kuma batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Masana sun tabbatar cewa al'ummar Afirka ta fi ta kowace nahiya bambancin gadon halitta, amma a manyan binciken da ake yi domin gano alaƙar gado da cututtuka, 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na mutanen da aka bincika ba. Wannan ya sa bayananmu suka zama haja mai daraja wadda kamfanonin magunguna ke nema. Tarihin cinikinmu kuwa sananne ne. Mun sayar da gyaɗa a buhu muka sayo man gwangwani, mun sayar da ƙirgi muka sayo takalmi. Idan jini da yawu da ganyen shukarmu suka riƙa fita a matsayin ɗanyen kaya, ana fassara su a waje, to abin da zai dawo mana shi ne magani mai tsadar da ba mu iya saye. Cutar sikila ta isa misali. Musanyar harafi ɗaya tak a cikin DNA ke haddasa ta, Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, amma maganin gyaran gado mai suna Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, an sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum guda a Amurka. Ko a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu da aka yi a birnin Cali na ƙasar Kolombiya a 2024, inda aka amince da kafa asusun da manyan kamfanoni masu cin riba daga irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu ko kashi 0.1 na cinikinsu, ƙasar da ta san abin da ta mallaka ce kawai za ta iya neman haƙƙinta da hujja.

Duk da haka, daga 1993 zuwa 2025 taron ISMB ya zaga Amurka da Kanada da ƙasashen Turai, ya je Ostareliya a 2003 da Brazil a 2006, amma bai taɓa sauka a Afirka ba. Masanan nahiyar sun yi abin da za su iya. Sun kafa ƙungiyarsu ta ASBCB a 2004, suka kuma haɗa kai da ISCB wajen shirya taron Afirka, wanda aka yi a Bamako a 2009, Cape Town a 2011, Kasablanka a 2013, Darussalam a 2015, Entebbe a 2017 da Kumasi a 2019. Mai karatu zai lura cewa babu garin Nijeriya ko ɗaya a wannan jeri, alhali Mali da Uganda da Ghana sun samu shiga. A 2019 masananmu suka kafa wata ƙungiya ta ƙasa, suka yi taronta na farko a Legas. Mafi yawan horon da matasanmu suka samu kuwa ya zo ne ta shirin H3Africa, wanda Cibiyoyin Lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyinsa, kuma wa'adin tallafinsa na shekara goma ya cika a wajejen 2022. Kwaɗon da ya dogara da ruwan wani, ranar da aka janye ruwan sai ya ga ta kansa.

Abin da ke hana malaminmu zuwa taron waje ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin rajista da na jirgi da na masauki duk da dala ko yuro ake biya, ga shi tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Albashin babban malamin jami'a na watanni da dama ba zai kai shi Turai ya dawo da shi ba. Ga kuma wahalar biza, wadda sau da yawa takan fito bayan an watse. Asusun TETFund yana da tanadi domin halartar taruka, amma masu nema sun fi abin da ke ƙasa yawa nesa ba kusa ba.

Na san akwai masu cewa ƙasar da ba ta gama da matsalar wutar lantarki da takin zamani ba, ba ta da hurumin zancen lissafin halitta. Akwai kuma masu cewa taro a ƙasar nan ya zama hanyar karɓar kuɗin guzuri da yawon sayayya. Magana ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, kuma maganinta mai sauƙi ne, wato kada a biya wa kowa kuɗin tafiya sai wanda alƙalan taron suka karɓi aikinsa. Tacewar da ISMB da RECOMB ke yi ta fi duk wani kwamitin da za mu kafa tsanani, kuma ba ta san ɗan wane ba. Magana ta farko kuwa ban yarda da ita ba, domin babu ƙasar da ta jira ta gama da tsofaffin matsalolinta kafin ta kama sabuwar sana'a. Indiya ba ta gama da talauci ba lokacin da ta shiga cinikin manhaja.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa fannin ba wurin kuɗin dare ɗaya ba ne. Kamfanin 54gene, wanda aka kafa a 2019 domin tara bayanan gadon 'yan Afirka, ya samu jarin kimanin dala miliyan 45 daga masu zuba jari, amma zuwa 2023 ya durƙushe. Saboda haka ba ina kiran kowa ya kwashi jarinsa ya kafa irin wannan kamfani gobe ba. Abin da nake kira a yi ya fi wannan araha ƙwarai, ya kuma fi shi tabbas.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masana'antu na Kano da Kaduna da Legas da Abuja za su iya ware wani abu daga ribar baje kolinsu, su kafa asusun da zai kai matasa goma ko ashirin manyan tarukan duniya kowace shekara, bisa sharaɗin da na ambata, da ƙarin sharaɗin cewa duk wanda ya dawo zai koyar da abin da ya gani a jami'arsa, ya kuma yi wa 'yan ƙungiyar bayani da harshen da za su fahimta. Kamfanonin iri da na abincin kaji da masu harhaɗa magunguna za su iya kwaikwayon dabarar CASP a kan matsalolinmu. A ba masu gasa bayanan gadon nau'o'in wake ko dawa ɗari biyu, a ɓoye sakamakon gonar gwaji, a ce su yi hasashen wanne zai fi yabanya, wanda ya fi kusa da gaskiya ya ɗauki kyauta. Kamfanin da ya sa kyautar zai san masu hazaƙa kafin wani ya riga shi, zai kuma sami amsar da yake bukata a kan kuɗin da bai kai na tallar rediyo na wata uku ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa, waɗanda ba sa ƙyashin ɗaukar nauyin wasan ƙwallo da na polo, za su iya sanya wa sashe guda na jami'a manyan na'urori da wutar hasken rana da layin intanet mai ƙarfi.

Daga nan sai a tunkari ƙungiyoyin ASBCB da ISCB da tayin karɓar baƙuncin taron Afirka a Abuja ko Legas. Abin da masu shirya taro ke dubawa sananne ne: zauren da wuta ba ta ɗaukewa, masauki mai tsaro, jami'ar da za ta tsaya a matsayin mai masaukin baƙi, alƙawarin hukumar shige da fice cewa baƙi za su sami biza a kan lokaci, da kuma masu ɗaukar nauyi da suka sa hannu a takarda. Jami'o'in da za su tsaya muna da su a Ede da Ota da Ibadan da Zariya. Biza aikin gwamnati ce. Sa hannun masu ɗaukar nauyi kuwa yana wurin masu karanta wannan shafi, kuma tun da akan tsayar da masaukin irin wannan taro shekara ɗaya ko biyu kafin ranarsa, wasiƙar neman baƙuncin ya kamata ta fita cikin wannan shekara.